Yaɓen Tsohon Kanti

Taubashina ya ƙwace min gyaran tsohon kantin bakin kasuwa, ginin da babana ya yi shekara arba'in yana yaɓewa, ni kuma na ɗora da wajen ashirin a bayansa. Da bakina ya ƙwace shi. Ya zo har zaurena, ya zauna a tabarmata, ya sha furata, ya tatse abin da na sani a kan ginin nan yana dariya, sannan ya kai wa masu shi a takarda kamar daga kansa ya fito. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana, shi ya sa duk wanda na kai wa ƙara sai ya ce min ai wasan taubasai ne, ba a fushi. Ni dai na yi fushi, kuma da ɗan bokon da ya rage min nake rubuta wannan.

Kantin yana can kudu da kasuwa, daidai inda ƙasa ta fara gangarawa wajen kogi. Wani Kwara ne, Balaraben ɗan kasuwa, ya sa aka gina shi a zamanin gyaɗa, yana sayen gyaɗa da fata, ana kai masa tashar jirgi a Malam Madori. Kakana yana cikin maginan da suka ɗora shi. An ce Kwaran da dutse ya so a yi masa, aka ce da shi a ƙasar Hadejia sai dai yashi da laka, in dutse yake so ya aika a ɗauko masa daga wata ƙasar. Ya haƙura aka yi masa da tubali.

Amma fa ba irin ginin gidajenmu aka yi masa ba. Sai da aka tayar da dakali ya kai ƙirjin babban mutum kafin a aza bango, da matakala shida a gaba. Dalili biyu ne: ruwa, da kuma lodi, don in mota ta ja da baya ta jingina, bayanta da barandar sai su zo daidai, a mirgina buhu kawai. Bangon kamu biyu ne a gindi, yana sirancewa in ya yi sama. An rufa shi da azara da ƙasa yadda muka saba, sannan aka ɗaga kwano a kai aka bar sarari a tsakani, iska tana ratsawa. Da tsakar ranar bazara in ka shiga ciki sai ka ji kamar ka leƙa randa. Ginshiƙan baranda guntayen ƙarfen layin dogo ne guda takwas. Tagogin ƙanana ne, can sama kusa da rufi, da sandunan ƙarfe, zafi ya fita, ɓarawo bai shiga ba. A tsakiyar babban ɗakin har yau akwai ƙugiyar sikeli a jikin azara, ta lanƙwashe saboda nauyin da ta ɗauka.

Da gyaɗa ta mutu Kwaran ya tattara ya tafi, ya sayar wa wani Alhaji mutumin Barno, wanda iyayensa suka taso daga bakin tabkin Chadi. Shi kuma bandar kifi da kanwa yake tarawa a ciki. Har yanzu in damina ta zauna bangon yakan saki warin banda, shekaru bayan an fitar da kwandon ƙarshe. Bayan shi an zuba shinkafa, an zuba taki, daga baya 'ya'yansa suka yanyanka babban ɗakin ya zama shaguna biyar: tela, mai magani, mai sayar da buhuna, mai cajin waya, da wani mai iri da maganin feshi.

Duk wannan sauye-sauye, abu ɗaya bai sauya ba. Kowace shekara in bazara ta matso, gidanmu ake aikowa. Haka al'adar magina take a garin nan, bangon da uban mutum ya ɗora ko yake riƙe da shi, wani magini ba ya sa masa hannu sai ya zo ya yi sallama. Ko da mai ginin ne ya kira shi, zai ce a bari ya ji daga masu bango tukuna. Babu inda aka rubuta, amma kowa ya sani.

Aikin kuwa ga yadda yake. Ƙasarmu ƙasar fadama ce, ko kogi bai haura jinga ba, ruwan yana nan a ƙarƙashin ƙafarka. Danshi yana hawa bango ta gindi yana tafe da gishiri. Saboda haka ake kankare yaɓen ƙasa zuwa tsayin ƙugu duk shekara, a sake sabo da jar ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Babana yakan ce yaɓen nan abincin gishiri ne, ana ba shi ya ci don ya ƙyale tubali. Sannan a gindin dakalin, duk kamu uku, akwai wuyan tulu da aka binne a jere, bakinsa yana waje. Cikin dakalin fasassun tukwane ne da yashi mai tsakuwa, ta waɗannan kafofin danshin ke fita. Kafin ruwan farko sai an bi su ɗaya-ɗaya da sanda an zaƙulo shara da gidan zanzaro. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ramukan ɓera ne.

Ni da taubashin nan aji ɗaya muka yi a firamare, kuma ni nake yi masa lissafi, ya musa in ya isa. Tare muka ci jarrabawar sakandare. Ina aji biyu babana ya faɗo daga tsani a jikin wannan kantin, ƙugu ya goce, aka ce in zo in riƙe aikin na shekara ɗaya kafin ya miƙe. Bai miƙe yadda ake so ba. Shi taubashina ya wuce, ya je Kano, ya dawo da takardar gini da hular kwano mai ruwan ɗorawa. Yanzu Injiniya ake ce masa. Ni kuwa mai laka. Ko matata, in ta ji muryarsa a zaure, sai ta sauko da kwanukan da ba ta taɓa zuba min abinci a ciki ba, ta ce wai Injiniya ya zo. Na taɓa tambayarta ko ni a bakin titi ta tsince ni. Ta ce ni ɗan gida ne. Haka kowa yake ce min in zai ba wani abin da ya fi kyau.

Tunda shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, bawana nake ce masa tun muna yara, shi kuma ya ce min sarkin kwaɓa. A gaban kowa muke yi, a gidan suna, a wajen ɗaurin aure. Na sha cire masa hula a taro in ce sai ya fanshe ta. Ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗin wannan, don nan ne kaɗai nake sama da shi.

Ranar da ya zo, da hantsi ne, bayan an gama girbin shinkafa. Ya yi fakin motarsa ta toshe rabin lungu. Ya shigo yana cewa ina ubangidan nasa, bawa ya zo gaisuwa. Muka taɓa wasa. Can sai ya ce kwanan nan ya wuce ta tsohon kanti, ya tsaya yana kallo, ya ga duk karatun da ya yi bai san yadda aka ɗora wannan rufin babu ginshiƙi a tsakiya ba. Ya ce in koya masa.

Shekara ashirin ina jiran mutumin nan ya ce in koya masa wani abu. Sai bakina ya buɗe. Na ba shi labarin Kwara, na ba shi na mutumin Barno. Na zana masa a ƙasa yadda ake jera azara daga kusurwa, kowane layi yana ɗaukar na samansa. Na gaya masa inda aka haƙo ƙasar, da wace kusurwa ce ta taɓa tsagewa da yadda babana ya ɗinke ta. Ya ajiye wayarsa a kan tabarma tsakaninmu, ya ce don kada ya manta. Har na riƙa sunkuyawa wajen wayar don muryata ta fita sosai. In na tuna wannan sunkuyon har yau sai in ji kunya ta kama ni. Maganar wuyan tulu ce kawai ba ta shigo ba. Bai tambaya ba, ni kuma ina can sama wajen rufi ina burga, ban sauko gindin bango ba.

Bayan wata biyu mai buhuna ya tare ni a masallaci yana yi min murna, wai ya ji za a yi wa kanti babban gyara, aiki ya samu. Na ce ban ji ba. Sai ya kama gyaran takalminsa. A wajen tela na ji sauran. Babban ɗan marigayi Alhaji, wanda yake zaune a Abuja, shi ne ya ga takardar da taubashina ya haɗa, da hotuna da tarihin ginin kaf, ya ce bai taɓa sanin akwai wanda ya san kantin ubansa haka ba. Nan take ya ba shi aikin.

Na je wajen gwaggona. Ta tsufa, tana zaune tana gyaran zogale. Na gaya mata ɗanta ya hau bangon yayanta bai yi sallama ba. Ta yi dariya ta ce bawa ya yi wa ubangidansa wayo, sai in rama ranar cika-ciki. Na je wajen dattijon da muke kai wa ƙara a cikin magina. Ya ce da wani bare ne da ya kira shi, amma tsakanin taubasai ba ya shiga, kuma shi yaron ai ba magini ba ne irinmu, ɗan kwangila ne, al'adar ba ta kama shi ba. Ka ji fa. In za a ba shi aiki ya fi ni sanin gini, in za a hukunta shi ba magini ba ne.

Ana gobe za a fara, taubashina ya aiko min wai in zo in riƙa duba masa leburori. Na ce a gaya masa ƙafata tana ciwo.

Ƙafar da ke ciwo kullum sai ta kai ni bencin mai shayin da ke kallon kantin. Nan nake zama tun safe. Na ga an kankare yaɓen babana da nawa an zubar a kwata. Na ga an buga wa bangon ragar waya da ƙusoshi, an watsa masa siminti tun daga ƙasa har sama. Taubashina kuma yana tsaye da hular kwano da farar shadda, ko ɗigon laka babu a jikinsa, yana nuni da makullin mota. Mutanen da na yaɓe wa ɗakuna kyauta suna wucewa ta gabana su je su gaishe shi.

Rana ta tara suka sauko kan dakali. Na ji shi da kunnena yana ce wa birkila ya toshe ramukan ɓerayen nan duka, za a manna tayil. Birkilan ya cusa guntun bulo a na farko ya shafe. Ya matsa na biyu. Ina riƙe da kofin shayi. Tsakanina da su bai fi taku ashirin ba. Mai shayi, wanda ya sha ganina ina bin ramukan da sanda, ya dube ni ya ce ba waɗannan ba ne nake zaƙulewa duk shekara? Na ce ya ƙara min sukari.

Na ƙirga su har ashirin da biyu. Da na koma gida na gaya wa matata, ina jin wani daɗi-daɗi a maƙogwaro. Ta ajiye muciya ta ce in tashi in je in gaya masa tun simintin bai kama ba. Na ce ai Injiniya ne, yana da takarda. Ta ce ginin ba shi da takarda, kuma ba shi ya yi min laifi ba. Ban je ba.

In faɗi gaskiya, da aka gama ya yi kyau. Wannan ya fi komai ci min rai. An shafa farin fenti, an yi wa ginshiƙan kore, tayil yana ƙyalli, har ƙugiyar sikelin an goge ta an rataya mata ƙwan lantarki. 'Yan makaranta suna zuwa ɗaukar hoto a matakala. Ɗan Alhaji ya zo daga Abuja aka yi walima a baranda, aka manna allo a jikin bango da sunan ubansa da sunan wanda ya yi gyara. Taubashina ya tashi ya ba da tarihin ginin, da kalmomina, har da inda nake tsayawa in yi tari. Da ya hango ni a bayan taro sai ya ɗaga murya ya ce ga sarkin kwaɓa can, shi ma ya taɓa shafa wa ginin nan laka. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don in ban yi ba a ce ban san wasa ba.

Damina ta farko ba abin da ya faru. Na riƙa zagayawa ta bayan kantin kamar mai neman akuya, ina duban gindin bango. Lafiya lau. Har na fara tunanin ko babana ne ya wahalar da mu a banza shekara da shekaru. Wannan tunanin ya hana ni cin abinci ya fi sau ɗaya.

Damina ta biyu kogi ya cika ya tsaya a bakin jinga wajen wata guda. Bai shigo gari ba, amma rijiyoyin unguwar sai da aka riƙa ɗiba da hannu. Tela ne ya fara cewa yadinsa yana wari. Mai magani ya ce kwalayensa suna laushi. Fentin ya fara kumbura daga ciki. Wata rana na faki ido na ƙwanƙwasa bangon arewa da ɗan yatsa, ya amsa min kamar ƙwarya. Siminti ya rabu da ƙasa. Danshin da ya saba fita ta ƙasa ya rasa hanya ya hau bango, ya tarar an rufe shi da riga, ya zauna a ciki yana cin tubali.

Ranar wata Laraba bayan la'asar filastar arewa ta ɓallo gaba ɗaya, faɗin tabarma uku. Allah ya sa ba kowa a wajen. Na je na gani. Abin da ke bayanta ya zama kamar kunu. Na sa hannu, yatsuna suka shige har ƙarshe a cikin tubalin da kakana ya mulmula. Daɗin da na yi shekara biyu ina jira ya zo, ya ɗan tsaya, kamar tsawon shan ruwa. Daga nan sai na goge hannun a rigata na tafi gida ta bayan layi don kada a gan ni.

Mai magani ya kwashe kayansa a satin. Mai cajin waya ya bi shi. Sai labari ya zo daga Abuja cewa ɗan Alhaji ya gaji, in ba a tsayar da bangon nan ba kafin wata daminar, zai sa a ture ginin a yi bene da bulo, shaguna sama da ƙasa. An ce taubashina ya kawo wasu abokan karatunsa biyu daga Dutse, sun zagaya, sun ce a ƙara siminti mai ƙarfi.

Da sassafe ya zo, ba mota, a bayan ɗan acaɓa. Ina zaure ina gyara ƙotar fartanya. Ya rame. Ya yi sallama ya ce bawa ya kawo kansa, ubangida ya yi yadda ya so da shi. Ya tsaya yana jiran in mayar masa da wasan. Ban mayar ba. Ya zauna a dakalin ƙofa, ya cire hula ya riƙe. Ya ce mai shayi ya gaya masa wata magana a kan ramukan nan, yana so ya ji daga bakina ko gaskiya ce. Ya ce in ma gaskiya ce ba komai, shi dai a taimake shi kada ginin ya faɗi a hannunsa, yaransa suna garin nan. Matata ta leƙo za ta kawo kwanukan nan nata, na ce ta bari tukuna.

Na ajiye fartanyar na ce masa:

"Gaskiya ce. Ina zaune ina shan shayi ka toshe su, ashirin da biyu, na ƙirga. Na san abin da zai faru kuma na yi shiru, don ina so in ga ranar da za ka zauna a ƙofata haka ba hula. Hassadarka nake yi, tun ranar da ka hau motar Kano na koma kan tsani. Ka ji na faɗa da bakina, ba sai mai shayi ya faɗa maka ba. Wannan nawa laifin ne, ni da Allah da kabarin babana. Naka kuma ka hau bangon kawunka ba sallama, ka ɓuya a bayan wasa. Zan tsayar da ginin in Allah ya yarda, bangon arewa sai an sauke rabinsa an sake ɗorawa. Amma ba zan karɓi aiki a hannunka ba. Ka kira na Abuja yanzu a gabana, ka gaya masa wanda ya ba ka abin da ke cikin takardar nan. Simintin kuma kai za ka fara fasa shi, da guduma a hannunka, ranar kasuwa, ina tsaye ina nuna maka inda za ka buga. Kuma kada ka ƙara kirana ubangida har mu gama. Ciro wayar."